Madannin gahawa: itacen yana Sokoban, ƙarfen ne ya ba mu wuya

Ni malamin lissafi ne a nan Kumasi, ban kuma taɓa shan gahawar da ake kira esfireso ba sai bara. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a shagon gahawa a Osu, can Accra, shi ya kawo min wani abu mai kama da hatimi, ƙasansa ƙarfe samansa itace. Mariƙin ya tsage. Ya ce, "Malam, ko Baba zai iya yi mana irinsa?"

Baban da yake nufi baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ke sassaƙa ƙafafun tebur da kujera da injin juya katako a Sokoban, inda aka mayar da masu aikin katako na Anloga. Kasuwarsa ta ja baya tun da kujerun roba da na ƙarfe suka cika gari.

Aikin abin shi ne danne garin gahawa, kamar giram 18, a cikin ɗan kwandon ƙarfe kafin a ɗaura shi a inji. Ruwan zafi yana ratsa garin da ƙarfin gaske, ma'aunin ba 9. In dannin bai daidaita ba, ruwa ya bi ta gefen da ya fi laushi, gahawa ta fito salam ko da tsami.

Mariƙin bai ɗauki Baffa rabin awa ba. Guntayen tik da safele da odum suna zube a bayan kowace rumfa, kusan kyauta. Madobiya ta fi su kyau, amma gwamnati ta hana saranta, shi ya sa muka bar ta. Mai shagon ya gani ya ce a yi masa guda ashirin cikakku, har da ƙarfen, zai sayar wa masu inji a gida. A nan ne fa aka yi ta.

Na shiga intanet na yi odar gindin ƙarfe guda goma da kuɗin albashina. Kuɗin jigila ya kusa kamo na kayan. Da suka iso na ga kuskuren farko, kuma nawa ne: faɗinsu milimita 51, na ƙananan injinan gida irin De'Longhi, alhali manyan injinan shaguna 58 suke ci. Akwai ma na Breville da kwandonsu 54 ne. Malamin lissafi guda, bai karanta lamba ba! Uwargida ba ta ce komai ba, shirun ya ishe ni.

Na biyu ya fi ban haushi. Wani ɗan'uwa ya taho mana da guda huɗu daga Amurka, faɗinsu daidai. Sai dai haƙoran ramin na inci ne, uku bisa takwas, haƙori 16 a kowane inci, mu kuwa kusoshin da muka riga muka dasa a mariƙai M10 ne. Kaurin wancan milimita 9.5 da ɗan kai, wannan 10. Tazarar haƙori kusan 1.6 da 1.5. Ido ba ya gani, amma ba sa shiga juna. Baffa ya matsa da ƙarfi har ya cinye bakin ɗaya.

Shi ne ya ce, "Kai yaro, kana zaune kusa da Suame kana neman ƙarfe a Sin?"

Muka tafi Magazin ranar Asabar. Wani mai injin yankan ƙarfe ya ce in muka kawo sandar ƙarfe marar tsatsa mai kaurin milimita 60, zai yanka ta faifai-faifai, ya rage ta zuwa 58, ya huda ya yi haƙoran M10. Da ya ji na abinci ne sai ya hana mu tsintar tsohon shaf a bola, don ba ka san abin da ya taɓa ba. Mun nemi lamba 304. Gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa bai wadatar ba, domin 201 ma ba ya kama shi sosai, ga shi ya fi saurin tsatsa. Dole ka sayi daga wanda ka yarda da shi. Alminiyam ya fi araha, amma ba nauyi, kuma da ya faɗi ƙasa ya lotsa. Ni ban ba da shawararsa ba.

Kowane gindi ya tsaya mana ƙasa da rabin abin da na biya a oda, don kuɗin saita inji sau ɗaya ake biya ko guda nawa ne. Abin da ya rage shi ne goge fuskar. Ukun farko sun fito da zanen wuƙa, garin gahawa yana maƙalewa, sai da muka bi su da sanfefa mai laushi mataki-mataki.

Hunturu ma ya karɓi nasa rabon: mariƙai biyu na ɗanyen odum sun tsage a watan Janairu. Yanzu Baffa sai ya ajiye itacen ya bushe sarai, ya shafe shi da kakin zuma.

Mun kai goma sha takwas, an biya. Goman nan masu 51 suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadona, ɗalibin nawa ya ce yana tambaya mana masu ƙaramin inji.