Hukuncin taya gidan da wani ya riga ya taya

Tambaya: Na ga gidan da nake so, dillali ya ce wani ya riga ni tayawa. Ya halatta in ƙara a kan tayinsa?

Amsa: Fara bincika inda cinikin ya kai. Idan mai gidan ya ce "albarka", ko yana ci gaba da karɓar tayi, babu laifi ka taya. Amma idan ya karkata ga na farkon, sun daidaita kan farashi, saura biya, haramun ne ka shiga. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin daga Abu Huraira (RA), kuma Imam Malik ya fassara shi da wannan karkatar. Kada ka tsaya kan maganar dillali kaɗai, wani la'adarsa yake hange. Tambayi mai gidan da kanka. Allah ne mafi sani.