Injin wanki: ina gaskiya, ina kuɗin goro?

Duk inda aka zauna lissafin kayan ɗakin amarya a yanzu, da wuya a tashi ba a yi gardama a kan injin wanki ba. Wata ta ce yana cinye kuɗin mita, wani ya ce yana yaga kaya, wata kuma ta rantse ba ya fitar da datti kamar hannu, sai a rufe da cewa ai na Baljiyam ya fi sabon kwali ƙarko. Kusan kowace magana a cikin waɗannan tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar kashewa. Matsalar ita ce kuɗin goro da ake yi wa injinan, alhali iri uku ne a kasuwa kuma halinsu ya sha bamban: akwai mai baho biyu, wanda ake zuba masa ruwa da bokiti a kwashe kaya daga bahon wanki zuwa na matsa, akwai mai murfi a sama da ke yin komai da kansa, sai mai ƙofa a gaba. Yawancin laifin da ake ɗora wa inji na rashin dacewa ne tsakanin irin injin da aka saya da irin gidan da aka kai shi.

A fara da wuta, don ita ce babban abin tsoro. Motar da ke juya kaya ba ta da wani ci na a zo a gani. Ta mai baho biyu galibi tana tsakanin wat 300 zuwa 500, wato ƙasa da dutsen guga, wanda yakan ja wat 1000 ko fiye. Mota mai wat 400 in ta yi rabin awa tana aiki, kashi ɗaya cikin biyar na yunit ta sha. Ko da farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa masu Band A a watan Afrilun 2024 aka yi lissafi, naira 45 ke nan. Inda jita-jitar take da gaskiya shi ne wajen dumama ruwa. Mai ƙofa a gaba yana da hita a cikinsa mai jan kusan wat 2000, kuma ɗaga zafin lita 15 na ruwa daga digiri 25 zuwa 60 yana cin sama da rabin yunit shi kaɗai. Wannan hitar ce ke durƙusar da ƙaramin janareta, ita ce kuma ke sa mita gudu. Wanda ya murɗa injinsa zuwa wankin ruwan sanyi ya raba kansa da mafi yawan wannan kuɗi, kuma a ƙasarmu, in aka cire lokacin hunturu, ruwan tankin da ya wuni a rana ya riga ya yi ɗumi kyauta.

Akwai wata ƙarya da ta fi wannan illa, domin da ita ake sayar da kaya. Ana rubuta kalmar inbata a jikin wasu injina, mai saye ya ɗauka irin inbatar gida ce mai batir, wadda za ta ci gaba da aiki in an ɗauke wuta. Inbatar injin wanki tsari ne na sarrafa gudun mota, yana rage ƙara da cin wuta, amma ba ya ajiye lantarki ko na minti ɗaya. An ɗauke wuta, inji ya tsaya, kuma mai ƙofa a gaba yakan riƙe ƙofarsa a kulle muddin akwai ruwa a ciki. Haka nan fanel ɗin da ke sarrafa injina masu aiki da kansu ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma sau da yawa shi ne ɓangaren da ya fi tsadar canji. Don haka maganar cewa sai da sitabilaiza gaskiya ce ga duk unguwar da ƙwan fitila ke yin ja da daddare. Mai baho biyu, da yake maɓallan murɗawa ne kawai da mota, ya fi haƙuri da irin wutarmu.

Ruwa ne ya kamata a fara tambaya a kansa, amma shi ake mantawa. Ana cewa inji ɓarnar ruwa gare shi. A kan mai ƙofa a gaba wannan ba gaskiya ba ne, domin yakan gama wanki da ɗauraya da lita 40 zuwa 60, kimanin jarka biyu ta 'yan garuwa. Mai murfi a sama kuwa, da yake sai ya nutsar da kaya, yana iya shan ninki biyu na hakan ko fiye. Sai dai injin da ya fi tsimin ruwa shi ya fi zaɓen yadda ruwan zai zo masa. Yana son famfo mai ƙarfi, kuma da yawa daga cikinsu ba sa jan ruwa yadda ya kamata sai ƙarfinsa ya kai rabin "bar" a ma'aunin ƙarfin ruwa, wanda ke nufin tanki ya ɗara injin tsawo da kusan mita biyar. Gidan da tankinsa ke kan ɗan dakali, ko gidan da ruwansa na kura ne, in ya sayi wannan injin, zai ga yana ta ƙara yana nuna alamar matsala, a ce an sayar musu da jabu. Ruwan rijiya mai yashi ma yana toshe 'yar ragar da ke bakin tiyon shigar ruwa, abin da tsohon buroshin haƙori ke gyarawa cikin minti biyar.

Batun yaga kaya yana buƙatar adalci. Faifan da ke ƙasan mai baho biyu da mai murfi a sama yana murɗa kaya yana cukuikuye su, kuma mayafi mai duwatsu, leshi, ko rigar da zip ɗinta ke buɗe suna iya jin jiki a ciki. Mai ƙofa a gaba ɗagawa yake yana saki, ya fi tausayin yadi. Amma babu injin da ya dace da hula, ko babbar riga mai aikin hannu, ko shadda mai tsada da ake son sheƙinta ya daɗe. Waɗannan na masu wanki da bugu ne, kuma injin da ke gida bai kore su ba. Abin da inji ya zo ɗauke wa mace shi ne zannuwan gado, labule, tawul, atamfar zaman gida da yunifom ɗin yara, kayan da ke cinye ranar Asabar su bar hannu da saɓa.

Masu cewa ba ya fitar da datti sukan nuna wuyan riga da bakin hannu, kuma suna da hujja: maiƙon jiki da ƙurar hunturu in sun haɗu a wuyan farar kaftani, sai an shafa sabulu an ɗan cuɗa kafin a jefa. Sauran ƙorafin kuwa daga cushe inji ne da yawan omo. Kilo 7 ko 8 da ke rubuce a jikin inji nauyin busassun kaya ne, kuma in aka danna kaya har ba su da wurin juyawa, jiƙa su kawai aka yi. Kumfa ba ita ce tsabta ba. In ta yi yawa a mai ƙofa a gaba tana hana kaya gugar juna, ta maƙale a yadi, har ta jawo wari. Wasu kuma na shakkar tsarkin kayan salla. Hukunci na malamai ne, amma yadda inji ke aiki a fili yake: mai aiki da kansa yana zubar da ruwan sabulu ya ɗebi sabo sau biyu ko uku, mai baho biyu kuwa sai mai wanki ta canza da kanta. Wanke gurbin najasa da ruwa zalla kafin a haɗa kaya yana yanke wannan shakka.

Saura na hannu, wato na Baljiyam. Masu yabonsa suna cewa ƙarfensa ya fi kauri, kuma a wasu injinan haka ne. Amma ba a san shekarun da ya yi yana aiki ba, ba garanti, kayan gyaransa ma sai an dace. Wanda aka yi don Amurka yana aiki da bolt 120, mu kuwa namu 230 ne, sai an haɗa shi da taransifoma. Sabo ma ba a saye shi ido rufe. Garantin shekara 10 da ake mannawa a gaban wasu injina na mota ne kawai, sauran jikin injin wa'adinsa ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, don haka a tambaya a ga takarda. Kuma in sabon mai ƙofa a gaba ya kama tsalle yana tafiya a tsakar ɗaki, kafin a ce lalatacce ne a leƙa bayansa: akwai notina uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure gangar da su saboda jigila, dole a kwance su kafin wankin farko.

Mai niyyar saye, kafin ka je kasuwar Sabon Gari ko wani shago, auna tsawon tankinka, duba ƙarfin janaretanka, ka tambayi makanikin unguwa wane iri yake samun kayan gyaransa. In ruwanka na jarka ne kuma wutarka ba tabbas, ɗauki mai baho biyu, ka sa a kunna shi a gabanka, ka karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago.