Kalmomi 24 da ba a faɗa wa ko ɗan uwa

Ka tsaya a rumfar mai cajin waya a Waca, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani saurayi ya ce wa abokinsa, "Aboki, turo mini walet ɗin nan ta Xender, megata ta ƙare." Daga nan ɓarnar take farawa. Manhajar da ta bi hannu biyar kafin ta iso wayarka, ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, amma duk abin da ka rubuta a ciki wurin ɓarawo yake tafiya. Abokin da ya turo maka ba macuci ba ne, shi ma bai sani ba.

Tun da manhajar kuɗin kirifto ta Pi Network ta buɗe kasuwarta a 20 ga Fabrairu 2025, masu yaudara suka ƙara ƙaimi a kan samarin da suka shekara suna mainin. Saƙo ne zai shigo ta WhatsApp ko Facebook: an ba ka kyautar Pi, ko za a rufe asusunka yau in ba ka tabbatar ba, danna nan. Ka danna, shafi ya buɗe, ya nemi kalmomin sirrinka 24.

To, waɗannan kalmomin su ne kuɗin da kansu. Duk wanda ya karanta su ya mallaki abin da ke cikin walet ɗinka, ko yana wace ƙasa. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai tambaye ka su.

In an cuce ka a cinikin rago a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, akwai dillali, akwai shaidu. In ka tura Airtel Money ga lambar da ba ita ba, akwai ofishin da za ka kai kuka. A kirifto babu ko ɗaya: abin da ya fita ya fita.

Kada kuma a ce ai daga shagon manhajoji na sauke. A 2021 wata manhajar jabu mai sunan Trezor ta shiga shagon Apple, wani mutum a Amurka ya rasa bitcoin 17 ta dalilinta. Ka fara daga shafin kamfanin, ka rubuta adireshin da hannunka, ka duba harafi-harafi.

Kalmomin kuwa, rubuta su a takarda ka ɓoye inda kake ɓoye takardar gona. Kada ka ɗauke su hoto. Wayar nan takan kwana wurin caji, takan je wurin mai gyara a Magaria.

In ka riga ka zuba kalmomin a wani shafi, buɗe sabon walet yanzu ka kwashe abin da ya rage. Ka adana saƙonnin da lambar da ta turo, ka kai wa jandarma. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019.