Rabin Kilo, Baki Takwas: Burodi da Niƙaƙƙen Nama a Ƙasar Maraɗi

Kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, ita ce ta ɗinke Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta miƙe zuwa Tasawa. Duk wanda ya saba bin ta ya san teburin mai shayi a bakin tasha: gwangwanayen madara jere, tiren ƙwai, burodi tsaye cikin kwali, ga kasko bisa garwashi. A manyan tashoshi wasu kan ƙara da faranti na niƙaƙƙen nama da aka soya da albasa da tumatir. Direba ko ɗan kabu-kabu ya ce, "Mai shayi, sa mini na dala arba'in." Sai a tsaga rabin burodi a tsaye, a zuba cokali biyu, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda.

Abincin hanya ne, kuma yawanci maza ke cin sa. Da wuya ya shiga cikin gida, inda dare na tuwon hatsi ne da miyar kuka ko ta kuɓewa. A Amurka kuwa ɗan'uwan wannan abinci a cikin gida ya yi suna. Sloppy Joe suke ce masa, kuma shi uwa ke ɗorawa ranar da ta dawo aiki a gajiye, shi ake zuba wa yara a makarantu.

Asalinsa akwai saɓani. A 1926 wani mahauci mai suna Fred Angell ya buɗe shagon Maid-Rite a garin Muscatine na jihar Iowa, yana sayar da niƙaƙƙen nama wara-wara cikin burodi, ba tare da miya ba. Wata ruwaya ta ce wani kuku mai suna Joe a Sioux City, duk a jihar, shi ya ƙara miyar tumatir a wajajen 1930. Wasu kuma suna jingina sunan ga wani gidan shaye-shaye na Habana a ƙasar Kyuba. Abin da ya tabbata shi ne abincin ya bazu a shekarun da talauci da yaƙi suka sa nama ya yi wa iyalai wuya, kuma a 1969 kamfanin Hunt's ya fito da miyarsa a gwangwani da sunan Manwich.

Wannan dalili na ƙarancin nama shi ne abin dubawa ga mai gida a Gazawa ko Cadakori.

A gidan Bahaushe nama ƙirga shi ake yi. Uwargida ta san tsoka nawa ta jefa a tukunya, ta kuma san inda kowace za ta. Tuwon girma miyarsa nama, saboda haka kwanon maigida ne farko, sai na baƙo in akwai, sai na tsofaffi. Abin da ya rage shi yara ke wawaso, mai ƙarfi ya riga, ƙaramin da haƙoransa ba su iya jan jijiya ba ya tashi da romo. Ga gidajen kuma cike suke. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. A gundumar Gidan Rumji nauyin ya ƙaru tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, gidaje da dama suka sauke su, hannaye suka ƙaru a akushi ɗaya.

In aka niƙa naman, ƙirga ta ƙare. Rabin kilo da ba zai wuce tsoka goma sha ba ya watsu cikin miya, kowace loma da rabonta, daga ta maigida har ta autan gida. Ga yaro mai tasowa da mace mai ciki ko mai goyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sinadarin ƙarfe da ke gina jini ya fi saurin shiga jiki daga nama fiye da daga hatsi.

Kayan haɗin kuwa kusan duk na gida ne. Naman ba sai na sa ba. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo ta musamman a birnin tun 1963, ta yi suna a duniya saboda fatarta, amma a karkara amfaninta ya wuce fata: tana yawan haihuwar tagwaye, mata ne suka fi kiwon ta, kuma namanta ke kan teburin rundawa ranar kasuwa. A ƙauye ba a cika sayen nama da sikeli ba, kashi-kashi ake kasa shi, kuma kashi biyu ko uku masu kyau sun isa. Ba a bukatar cinya. Wuya da ƙirji da gefen haƙarƙari sun fi dacewa, don suna da ɗan kitse, ga sauƙin kuɗi.

Albasa tana sauka daga Galmi ta wannan kwalta ɗin, jar nan mai yaji da ake kai wa har Gana da Kwaddibuwa. Tumatir da tattasai na fitowa daga lambunan rani na Gulbin Maraɗi, wanda ya bi ta Tsibiri da Gidan Rumji, da kuma fadamun Jiratawa. Daga tsakiyar sanyi zuwa farkon bazara tumatir arha yake. In damina ta faɗi ya yi tsada, sai a koma kauɗa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi a niƙa, ko a sayi ƙaramin gwangwani. Man gyaɗa kuwa matan yankin ke matsa shi da hannunsu, su soya ƙuli-ƙuli da tunkuzar.

Ɗanɗanon da ya bambanta na Amurka da miyar dage-dage shi ne tsami da zaƙi da suka haɗu. Amurkawa suna samun sa daga miyar tumatir ta kwalba mai sukari, da wani ruwan ɗanɗano da kamfanin Lea & Perrins ya fara sayarwa a garin Worcester na Ingila a 1837. Wanda ya karanta jikin kwalbar zai ga cikin abin da aka haɗa akwai tsamiya, akwai kifi da aka tsima da gishiri. Ke nan mai girki a Agye ba ta rasa komai ba. Tsamiya tana cikin kwandonta ta kunu, aikin tsimammen kifin kuma daddawa ke yin sa, ta kalwa ce ko ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa.

Sai wake, wanda shi ne ke ninka tukunyar. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, kuma jihar Maraɗi na cikin manyan rumbunansa. Kofi ɗaya na ɗanyen wake, in aka dafa shi ya yi laushi aka ɗan farfasa da ludayi, yana shigewa cikin naman ya sha romonsa. Tsamin tumatir kuma yana taimaka wa jiki ya ci moriyar ƙarfen da ke cikin waken.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne niƙan. A gari akwai mahautan da ke da injin niƙa nama na hannu. Inda babu, hanya biyu ce. Ko dai a cire jijiya a ɗora ɗanyen naman bisa katako mai tsabta a yi ta sara da wuƙa mai kaifi, ana tattarowa ana sake sara, har ya zama ƙanana. Ko kuma a bi hanyar dambun nama: a tafasa shi da albasa da gishiri, a tsame, a daka a turmi sama-sama, a ajiye romon gefe don miya. Hanya ta biyu ta fi dacewa da naman tsohuwar akuya.

Ga gida mai mutum takwas, rabin kilo na nama yana son manyan albasa 2, tumatir 6, tattasai 2, attaruhu 1, tafarnuwa da citta da masoro daidai hannu, ƙaramin ludayi na mai, dunƙulen daddawa, ruwan tsamiya mai kauri cokali 3, sukari ƙaramin cokali 1, da dafaffen waken nan.

Tukunya mai faɗi ake so, wuta kuma da ƙarfi a farko. In mai ya yi zafi sai a baza naman a bar shi, kada a fara juyawa nan take. Zai fitar da ruwa, ruwan ya tsotse, sannan a ji ƙarar suya ta canza, ƙasan ya fara yin ja. Nan ne ƙamshin yake, kuma mai gaggawar zuba tumatir kafin wannan lokaci dafaffen nama za ta samu, ba soyayye ba. Daga nan albasa da tattasai su shiga har su yi laushi, sai kayan ƙamshi, sai niƙaƙƙen tumatir da daddawa. Idan mai ya taso sama, a zuba wake da tsamiya da sukari da ɗan ruwa ko romo, a janye itace, a bar shi bisa garwashi kamar minti 15. Gishiri a ƙarshe, bayan an ɗanɗana. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, don haka in daddawa ta ji, guda ɗaya ya wadatar.

Kaurin da ake nema irin na fate ne: in aka ja ludayi a tsakiyar tukunya, a ga ƙasanta kafin miyar ta rufe. In ta yi ruwa za ta jiƙa burodin ya ɓare a hannun yaro.

Burodin ma da dabararsa. A tsaga shi, a ƙwaƙule ɗan farin cikinsa a marmasa a cikin miyar, ya ƙara mata kauri, ramin da ya bari kuma ya riƙe naman. Sannan a kifa shi bisa garwashi na ɗan lokaci ya yi ƙyas-ƙyas. Burodin jiya da ya fara bushewa ya fi sabo kyau a nan. A ƙasar Maraɗi iri biyu ke kasuwa: dogon nan mai ɓawo da aka gada daga Faransawa, da mai laushi da zaƙi irin na Najeriya. Dogon ya fi jure miya. Mai zaƙin kuwa, in shi aka samu, sai a bar sukari. A gefe a sa yankakken kabeji ko kwaɗon zogale.

Burodin nan dai shi ne raunin abincin. Nijar ba ta noma alkama sai kaɗan, yawancin fulawa daga waje take zuwa, kuma kowace girgiza a can tana sauka a teburin mai burodi. An gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an gani a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama, aka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya tsayar da manyan motoci a kan iyaka. Burodin mutum takwas ya fi tuwonsu tsada nesa ba kusa ba, kuma manomi zai ce ba ya riƙe ciki zuwa safe. Shi ya sa wannan ba abincin kullum ba ne. Na ranar da mata suka yi yamma a gona ko gidan biki ne, ranar da babu lokacin surfe da niƙa da tankaɗe da tuƙi, sai wuta ɗaya da abin da bai kai awa ba. Miyar kuma ba ta dogara da burodi ba: tana hawa waina, tana hawa funkaso da gurasa, tana bin shinkafa ko taliya.

Akwai wajen da ba a wasa. Ƙwayoyin cuta a jikin tsoka a waje suke, wuta na kai musu da wuri. In aka niƙa, sun shige ciki ko'ina. Don haka niƙaƙƙen nama ba ya jira, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga wutar lantarki da ba a dogara da ita. A saye shi ranar da za a dafa, a niƙa dab da ɗora tukunya, a wanke katako da wuƙa da turmi da sabulu kafin su taɓa kabeji. Wanda zai kai inji ya duba ko an wanke shi tun safe. A dafa har babu sauran ja a ciki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, saboda haka abin da ya kwana sai an sake tafasa shi sosai kafin a ba yara da safe.

Lokacin da abincin ya fi sauƙi a shekara shi ne babbar salla. A Nijar ana banƙare ragunan layya a jikin itace a kewaye wuta da su, su yini suna gasuwa, washegari a yanka a raba, a soya saura cikin kitse don ajiya. Bayan rabo kullum akan bar guntattakin da ke manne da ƙashi da wuya, waɗanda ba su isa a kai wa maƙwabci ba. Su ne ake ɓamɓarowa a daka a turmi. Da yake sun riga sun gasu, ba sa bukatar suya: miyar ake fara haɗawa da albasa da tumatir da tsamiya, a zuba su a ƙarshe su yi minti 10 bisa garwashi.