Manɗiƙi da Ƙwayoyin Gado: Darasi Daga Cutar Sikila

Iyaye mata a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa sun daɗe da sanin wani abu game da amosanin jini, watau sikila: jariri yakan yi watanni lafiya lau, sai wajen wata shida ciwon ya fara bayyana. Dalili kuwa shi ne, ɗan tayi yana da irin nasa haimogulobin, watau sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, kuma cutar ba ta shafe shi ba. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe ƙwayar gadon da ke yin sa, ya buɗe ta manya. To, me ke rufe ta?

A nan ne Manɗiƙi yake da amfani. Fannin ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu, inda ake karanta Sullam na Al-Akhdari. A 1961 François Jacob da Jacques Monod na Faransa suka nuna cewa wata ƙwayar gado tana iya kulle wata. A 1973 René Thomas na Beljiyam ya tsara yadda za a rubuta irin wannan hulɗa da alamomi biyu kacal: 1 ga buɗaɗɗiya, 0 ga rufaffiya.

A 2008 masana a Boston ta Amurka suka kawo hujjar cewa ƙwayar BCL11A ce makullin. Ga yadda Manɗiƙi yake tsara zancen: in dai ita ce makulli, to in an tsayar da ita, haimogulobin na tayi zai dawo. Wannan magana ce mai gwaduwa, domin in an tsayar da ita bai dawo ba, zato ya rushe. An gwada a jikin ɓeraye masu sikila, aka bayyana sakamako a 2011: ya dawo, cutar ta lafa.

Amma fa a lura. Dawowarsa ba ta nuna cewa makulli ɗaya ne kaɗai ba. A 2016 aka gano na biyu, mai suna LRF. Sai aka gyara ƙa'idar: ƙofa ba ta rufuwa sosai sai da wannan da wancan, in an cire ɗaya ta buɗe.

A kan wannan ilmi aka gina maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023, kan kuɗi fiye da dala miliyan 2 ga mutum guda a Amurka. Wannan ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka gwajin jini kafin aure shi ne abin da ke hannu, tun da kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar. Ga ɗalibi da ma'aikaci kuwa, duk bayanin da aka kawo musu, su fara da tambayar wane sakamako ne zai ƙaryata shi.