Gardamar Gindin Murhu a Ƙasar Amurka

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wata gardama da ake yi kowace shekara a ƙasar Amurka, wadda ba a taɓa raba ta ba, sai dai a ɗaga ta zuwa baɗi. Masu yin ta su ne masoya wasan besbol. Abin mamaki kuwa, sun fi zafafa ta a lokacin da babu wasa ko ɗaya, an rufe filaye, sanyi ya kori kowa cikin ɗaki. Abin da suke jayayya a kai shi ne, wane ɗan wasa ya kamata ƙungiyarsu ta saya, wane za ta sallama, wane yaro kuma za a yi haƙuri da shi har ya ƙosa. Na zaɓi ƙungiyar Boston Red Sox don in ba da misali da ita, domin tarihinta cike yake da irin wannan ciniki, mai daɗi da maras daɗi. Masu bin ƙwallon Ingila a cikinmu ma suna da 'yar alaƙa da ita, gama John Henry da abokan kasuwancinsa, waɗanda suka sayi Red Sox a 2002, su ne suka sayi Liverpool a 2010.

Kafin in yi nisa, bari in ɗan kwatanta wasan a taƙaice. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa yakan tsaya a tsakiya ya wurgo wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri, sau da yawa gudunta ya fi mil 90 a sa'a guda, shi kuma mai duka na ɗaya ɓangaren ya tare ta da kulki. In ya same ta sai ya sheƙa a guje ya bi zango huɗu da aka jera, tsakanin kowane biyu ƙafa 90 ne. Wanda ya kewayo ya komo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, to, ya kewaya abinsa a tsanake, ba mai tare shi. Dukan nan da wuya ƙwarai, har wanda ya dace sau uku cikin goma ana kiransa gwani.

Babbar gasar tana da ƙungiya 30, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada, sauran duk a Amurka. Kowace takan yi wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, sa'an nan waɗanda suka fi ƙoƙari su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale a watan Oktoba, har a kai ga wasan ƙarshe da suke kira World Series, inda wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take ɗaukar kofi. Daga nan sai shiru har tsakiyar Fabrairu, lokacin da 'yan wasa kan tafi jihohin Florida da Arizona masu ɗumi su fara shiri. Tun zamanin da, mutanen ƙananan garuruwa sukan taru a kanti ko shagon aski su kewaye murhu suna jin ɗumi suna musu a kan ƙungiyoyinsu, saboda haka aka laƙaba wa wannan lokaci suna gasar murhu mai zafi. Yau murhun ya zama rediyo da talabijin da wayar hannu, amma musun bai sake ba.

Don a gane tushen gardamar, sai an san hanyoyi uku da ƙungiya ke samun ɗan wasa. Hanya ta farko ita ce ta rena da kanta. Tun 1965 ake yin zaɓen yara daga makarantun sakandare da jami'o'i, ƙungiyoyi suna ɗauka bi da bi. Yaron da aka ɗauka akan tura shi ƙananan ƙungiyoyi da ke ƙarƙashin babbar, ya riƙa hawa mataki mataki kamar yadda muke hawa aji. Amurkawa suna kiran wannan tsari gona, wani mai suna Branch Rickey ne kuwa ya kafa shi sosai a ƙungiyar St. Louis Cardinals tun wajen shekarun 1920 da 1930. Sunan ya dace, domin ba duk abin da aka shuka ke fitowa ba. Mafi yawan yaran nan ba su taɓa taka babban fili har su bar wasa. Hanya ta biyu ita ce musaya, watau ba ni gishiri in ba ka manda: ka ba da ɗan wasa ko yaran gonarka, a ba ka wanda kake bukata. Hanya ta uku ita ce a sa kuɗi a ɗauki wanda yarjejeniyarsa ta ƙare.

Wannan hanya ta uku ba da sauƙi aka same ta ba. A da, ɗan wasa ba shi da ikon barin ƙungiyarsa sai in ita ta ga dama ta sayar da shi. A 1969 wani baƙar fata mai suna Curt Flood ya ƙi yarda da musayar da aka yi da shi daga St. Louis zuwa Philadelphia, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Ya faɗi shari'ar a 1972, sana'arsa kuma ta mutu, amma ya riga ya fasa ƙwai. A watan Disamba na 1975 wani mai sasanci ya yanke hukunci ya 'yantar da 'yan wasa biyu, a 1976 kuma aka daidaita cewa duk wanda ya cika shekara shida a babbar gasa, yarjejeniyarsa kuma ta ƙare, yana iya zuwa inda aka fi taya shi. Ga inda gizo ke saƙar ke nan. Yaro a shekarunsa na farko albashinsa kaɗan ne, mafi ƙanƙantar albashi a 2025 dala 760,000 ne a shekara. Amma in gwani ya kusa cika shida, dole ƙungiya ta zaɓa: ko ta zuba masa dukiya, ko ta yi musaya da shi tun da wuri, ko ta zuba ido ya tafi ta tashi a tutar babu.

Masoya sun kasu gida biyu a kan wannan. Kashi na farko su ne masu cewa a ci yau. Hujjarsu ita ce da tsohuwar zuma ake magani, gwanin da aka riga aka gani ya fi yaro goma da ake zato, kuma kofi ba ya jiran kowa. Kashi na biyu su ne masu cewa a tanadi gobe. Su kuma hujjarsu, manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo zai ƙoshi a daren nan, amma damina na tafe. Kowane kashi yana da labarin da yake kafa hujja da shi, kuma duk a tarihin Boston ake samunsu.

Labarin da ya fi tsufa shi ne na Babe Ruth. Zuwa 1918 Boston ta ci kofi sau biyar, ba wadda ta kai ta. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar da Ruth ga New York Yankees a kan dala 100,000. A shekararsa ta ƙarshe a Boston Ruth ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 29, da ya koma New York sai ya yi 54 a 1920, ya yi 60 a 1927. Yankees da ba su taɓa cin kofi ba suka fara ci a 1923, kafin ƙarshen shekara ta 2000 sun tara 26. Boston kuwa sai da ta shekara 86 tana jira, ba ta sake ɗaukar kofi ba sai a 2004. Mutane da yawa an haife su, sun tsufa, sun mutu, ba su ga wannan rana ba. Har camfi ya shiga, wasu suna cewa alhakin Ruth ne ke bin ƙungiyar. Masu cewa kada a rabu da gwani ba su da makamin da ya fi wannan.

To, amma masu tanadin gobe su ma sukan ce a tuna da Jeff Bagwell. A watan Agusta na 1990 Boston tana neman kofi ido rufe, sai ta ba Houston wannan yaro daga gonarta, ta karɓi wani mai jifa ɗan shekara 37, Larry Andersen. Andersen ya yi musu aiki na ɗan abin da ya wuce wata guda, Oakland ta fitar da su daga gasa ba tare da sun ci wasa ko ɗaya ba, shi kuma ya kama gabansa. Bagwell ya yi shekara 15 a Houston, ya tsallakar da ƙwallo sau 449, aka zaɓe shi gwanin gwanaye a 1994, a 2017 kuma aka sa sunansa a zauren tunawa da mashahuran wasan. Lalle wannan shi ne sayar da akuya ta dawo tana ci maka danga.

Da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce kada a taɓa ba da yaro. Sai ga abin da ya faru a Disamba na 2016. Boston ta ba Chicago White Sox yara huɗu, cikinsu har da Yoán Moncada ɗan ƙasar Kuba, wanda masana da yawa suka ɗauka babu kamarsa a cikin masu tasowa, don ta karɓi mai jifa Chris Sale. Masu tanadi suka yi ta kuka. Amma a 2018 Boston ta ci wasa 108 cikin 162, ta doke Los Angeles Dodgers a wasan ƙarshe, Sale ne kuma ya yi jifar da ta rufe gasar. Moncada bai zama abin da aka zata ba. Ashe wani lokaci irin da ake ta ɓoyo ba mai tsira ba ne.

Cinikin da ya fi ƙona wa mutanen Boston rai a zamaninmu shi ne na Mookie Betts. Yaron gonarsu ne, sun ɗauke shi a 2011, ya fara babban wasa a 2014, shi aka zaɓa gwanin gwanaye a shekarar da suka ci kofin 2018. Saura shekara guda ya sami 'yancin tafiya, sai a Fabrairu na 2020 aka ba Dodgers shi tare da David Price, aka karɓi Alex Verdugo da yara biyu, Jeter Downs da Connor Wong. Masu goyon bayan shugabanni suka ce ai gara haka da ya tafi a banza, ga shi kuma akwai haraji da ake ɗora wa ƙungiyar da jimlar albashinta ta wuce ƙa'ida, wadda a shekarar dala miliyan 208 ce. Masu adawa suka ce ƙungiya mai arziki irin Boston, wadda mutane ke cika mata filin Fenway da kuɗinsu, ba ta da bakin kukan talauci. A watan Yuli Betts ya sa hannu da Dodgers na shekara 12 a kan dala miliyan 365, ya ci kofi tare da su a 2020 da 2024 da 2025. Boston ta zo ta ƙarshe a rukuninta a 2020 da 2022 da 2023. An sallami Downs a ƙarshen 2022, Verdugo kuma aka ba Yankees shi a ƙarshen 2023.

Kada kuma a ɗauka kuɗi kaɗai ke kawo kofi. A Disamba na 2024 New York Mets ta ɗauki Juan Soto na shekara 15 a kan dala miliyan 765, amma a 2025 ko zagayen Oktoba ba ta shiga ba. Mutum ɗaya sau huɗu ko biyar yake samun damar duka a wasa guda, sauran aikin na 'yan'uwansa ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Ni a nawa ganin, bayan na auna waɗannan labarai, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce, ina ƙungiyar take a tafiyarta? In ta kusa kai gaci, saura gurbi ɗaya ko biyu, to, ba da yara don cike gurbin daidai ne, muddin wanda za a karɓa gwani ne na gaske mai sauran ƙarfi, kuma zai zauna shekaru, kamar Sale. Ba da yaro mai haske don aron tsoho na wata guda, kamar yadda aka yi da Bagwell, wannan ganganci ne. Amma inda na fi tsayawa da ƙarfi shi ne kan Ruth da Betts. Amfanin gona duka shi ne a sami irin waɗannan. Wanda ya shekara yana ban ruwa, itace ya girma ya fara 'ya'ya, sa'an nan ya sare shi don ya sayi sabon dashe, yaushe zai sha inuwa? Ɗan wasa yana da 'yancin neman haƙƙinsa, tun da wasu sun sha wuya kafin a same shi, ƙungiya mai hali kuma ya kamata ta biya.

Akwai abu guda da nake sha'awa ga masu wannan gardama, wanda nake roƙon 'yan ƙungiyar muhawara ta makarantarmu su lura da shi. Wasan besbol wasa ne na lissafi, an rubuta kowace jifa da kowane duka na fiye da shekara ɗari. Saboda haka mai musun kirki a can ba ya tsayawa kan rantsuwa da ɗaga murya, sai ya kawo shekara, ya kawo adadi, abokin musunsa ma ya kawo nasa. Duk da haka ba wanda ya san gobe sai Allah, shi ya sa in an buɗe fili a watan Maris kowa yakan zo da sa rai, har magoya bayan ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara. Ina fata wannan ɗan bayani zai sa in kun ji ana cinikin 'yan wasa, ko a wane irin wasa ne, ku tambayi abin da aka bayar da abin da aka karɓa kafin ku yanke hukunci. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.