Tsilar yanyawar ƙasashen ƙanƙara da 'yar'uwarta da ke mayankunmu

Gadau, Jihar Bauchi. A tsibiran da ke kusa da ƙuryar arewacin duniya, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa mafi yawan shekara, akwai wata ƙaramar tsila da ke zaune a hanjin yanyawa. Tsawonta bai kai rabin santimita ba, amma tana cikin tsutsotsin da suka fi haɗari ga ɗan Adam. Masana na kiran danginta Ekinokokus. Ko da yake wannan nau'in bai wuce arewacin duniya ba, yana da 'yar'uwa da ke rayuwa tsakanin karnuka da dabbobin kiwo a ƙasashen da ake kiwo irin namu, kuma labarin ta farkon na taimakawa wajen gane ta biyun.

Yadda tsutsar ke zagayawa

Rayuwar wannan tsila ta dogara ne a kan dabbobi biyu, mai farauta da abin farauta. Babbar tsutsar na manne a hanjin yanyawa, tana zubar da ƙwai da ido ba ya gani, su fita tare da kashi. Ɓeran daji ya zo kiwo ya haɗiye ƙwan tare da ciyawa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda hanji ta bi jini zuwa hanta, inda take yin ƙananan jakunkuna cike da kawunan sababbin tsutsotsi. Ranar da yanyawa ta kama ɓeran ta cinye, kawunan su manne a hanjinta, cikin kimanin mako huɗu su balaga su fara zubar da ƙwai. Yanyawar ba ta cika nuna alamar ciwo ba. Sanyi kuwa gata ne ga ƙwan, domin yakan yi watanni da ransa a ƙasa mai laima, har daskarewa ba ta kashe shi da sauƙi. Zafi da bushewa ne maƙiyansa.

Mutum kan shiga wannan zagaye ne bisa tsautsayi, idan ya haɗiye ƙwan ta hannun da bai wanke ba, ko ganye, ko ruwa. Cutar kan ɗauki shekara 5 zuwa 15 kafin ta bayyana, tana yaɗuwa cikin hanta kamar sankara, kuma idan ba a yi magani ba takan kai ga ajali. Mafi yawan masu kamuwa da ita a duniya suna ƙasar Sin ne.

Tarihi ya nuna cewa hannun mutum ne ke kai ta inda babu ita. A tsakiyar shekarun 1920 an kai yanyawa tsibirin Rebun na Japan domin su rage ɓeraye kuma a amfana da fatarsu, sai ga cutar ta bayyana a jikin mutanen tsibirin cikin shekarun 1930. A Sibalbad, tsibiran da ke ƙarƙashin Norwe, an gano tsutsar a 1999 a jikin wani nau'in ɓera da ba ɗan asalin wurin ba ne. Da babu ɓeran, da zagayen bai cika ba.

Nau'in da ke kusa da mu

A nan gida, kare ne ke tsayawa a matsayin yanyawa, tunkiya da akuya da saniya da raƙumi kuma su tsaya a matsayin ɓera. Dabbar kiwo ta haɗiyi ƙwan a makiyaya ko wurin shan ruwa, sai jaka mai ruwa ta tsiro a hantarta ko huhunta. Mahauta sun san wannan jaka, domin sukan ci karo da ita wajen fiɗa. Matsalar tana faruwa ne idan aka yanke wurin da ya lalace aka jefa wa karen da ke jira a bakin kwata. Jaka guda na iya ɗauke da dubban kawunan tsutsa, kuma cikin mako shida zuwa bakwai karen zai fara watsa ƙwai a tsakar gida, a gona da bakin rijiya.

Binciken da masana na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi a ƙarshen shekarun 1970 a mayankun Arewa, ciki har da na Kano, ya tabbatar da cutar a jikin dabbobin yanka, raƙuma ne kuma suka fi ɗauke da ita. Ƙasar Katagum, daga kasuwar Azare zuwa ƙauyukan Itas da Gadau, ƙasar kiwo ce da cinikin dabbobi, inda karnukan makiyaya da na mafarauta ke cuɗanya da garke, ga kuma fadamun Kogin Jama'are da ake noman latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Duk abin da zagayen ke buƙata yana nan.

Akwai abin da ya kamata a bambance. Mutum ba ya kamuwa da wannan cuta ta cin hantar da ke da jaka, ƙwan da ke fita daga kare shi ne ke kama shi. Jakar kan yi shekaru tana girma a hantarsa ko huhunsa ba tare da alama ba, daga baya a fara ciwon ciki ta ɓangaren dama, tashin zuciya, tari mai naci ko sarƙewar numfashi. Idan ta fashe, rai na iya shiga haɗari nan take. Ana gano ta da hoton sikanin, a magance ta da ƙwayar albendazol, ko zuƙe ruwan da allura, ko tiyata, gwargwadon girmanta da inda take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke fama da cututtukan wannan dangi a kowane lokaci, asarar jinya da ta dabbobi kuma ta kai kimanin dala biliyan 3 a shekara.

Inda ake katse zagayen

Ƙasar Aisilan ta nuna cewa ana iya cin galaba. A ƙarni na 19 cutar ta yi wa mutanenta katutu. Likita Harald Krabbe na Denmak ya ziyarci ƙasar a 1863, ya rubuta ɗan littafin da ya bayyana wa manoma alaƙar kare da tunkiya da cutar. Da wayar da kai, da hana karnuka kayan ciki, da tsaurara dokar yanka, ƙasar ta rabu da ita. Niyu Zilan ma ta bi irin wannan hanya, ta kuma ayyana rabuwa da cutar a 2002.

Matakan ba su fi ƙarfin kowa ba. Duk hanta ko huhun da aka ga jakar ruwa a ciki, a ƙone shi ko a binne shi da zurfin da kare ba zai tono ba, musamman lokacin layya da ake yanka a gidaje ba tare da malamin duba nama ba. A katange mayanka daga karnuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba karnuka maganin firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare da kuma kafin cin abinci, a koya wa yara haka, a wanke ganye da ruwa mai tsabta.

Gadau ba baƙuwa ba ce a irin wannan fage. A shekarun 1930 nan ne aka yi fitaccen binciken ƙudan tsando da ciwon barci, a yau kuma garin na da jami'ar jiha, Azare na da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya. Ƙidayar jakunkunan da ake samu a mayankun yankin, dabba bayan dabba, aiki ne da ɗalibai da malaman dabbobi za su iya yi da kuɗi kaɗan, kuma da shi ne hukumomi za su san inda ya kamata su fara.